Snokel a Hilux don hanyar Arewa a damina: ya wadatar, ko akwai saura?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum. Hilux ce ta 2012, injin dizal 2KD, giyar hannu. Daga Kumasi take kai kaya Walewale da ƙauyukan wajen Yagaba, inda ake kira Obasis. A Agusta da Satumba, idan an buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, ruwa kan kwanta a hanya har gwiwa, wani wuri ya fi. Ina so a ɗaura mata snokel, wato bututun shan iskar injin da ke hawa saman mota, a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Me zan lura da shi wajen ɗaurawa, kuma shi kaɗai ya isa?

Masta Fita Suame:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da sanin abin da kake gudu. Idan fistin ya hau sama a injinka, gurbin da ya rage bai kai mililita 50 ba, wajen babban cokali uku ke nan. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Ruwan da ya wuce wannan ya shiga silinda, sai konrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe, wani lokaci ya fasa bulok. Aikin snokel ɗaya ne: ɗauke bakin shan iska daga cikin madigadi ya kai shi saman gilashi.

Sayi wanda aka yi wa samfurin motarka, mai zuwa da takardar awo, roba mai kauri da ke jure rana. Mai araha yakan tsage a wajen noti. A manna takardar a madigadi, a sa alama, a fara huda da ƙaramin baki kafin babban rami. Duk inda aka yanka ƙarfe a goge, a shafa fenti, ya bushe, in ba haka ba tsatsa za ta ci wurin. Sannan a kafa maƙalin sama a ginshiƙin gilashi.

Inda yawancin yara ke ɓata aiki shi ne ciki, wurin da ido ba ya kaiwa. Kowace mahaɗa daga snokel zuwa akwatin matatar iska tana son silikon, wato gam ɗin toshe kafa, da kilif. A nemi silikon marar warin tsami, don mai warin yana cin ƙarfe, yana kuma lalata sensa. A ƙasan akwatin akwai ƴar robar da ke zubar da ruwa. Idan ta tsufa, ta nan ruwa zai shigo, ga snokel a sama yana ado. A duba robar murfin akwatin ma.

Kafin ka biya kuɗi ka gwada: injin na aiki a hankali, a cire kan snokel, a rufe bakin da faifan katako mai roba, kada a sa tafin hannu. Injin ya shaƙe ya mutu nan take. Idan ya ci gaba da aiki, yana shan iska ta wani wuri, kuma ta nan zai sha ruwa.

Mai Giyabos:
Masta ya gama da injin, ni ƙasan mota nake ji. Aksil na gaba, na baya, giyabos da akwatin fowil, mai raba ƙarfi ga tayoyi huɗu, duk suna da ɗan bakin numfashi. Mota ta yi tafiya sun yi zafi, sai ka tsunduma su cikin ruwan sanyi. Iskar ciki ta tsuke, su zuƙo ruwa ta bakin nan ko ta oyil sil. Ba za ka ji komai ranar ba. Sai daga baya aksil ya fara kuka, a buɗe a tarar man ya koma kamar shayi da madara, boris sun tafi.

Maganin ba tsada. A cire bakin, a ɗaura wani bakin da tiyo ke shiga kansa, a ja tiyon mai na milimita 6 ko 8 har cikin bonet, can sama, a sa ƙaramar matatar mai a ƙarshensa. Na aksil ɗin baya a bar masa rara, domin aksil na hawa da sauka. Idan ya yi ɗamau zai fizge. A nisanta shi da salansa. Bayan kowace ƙetara mai zurfi a kwance notin aksil a duba launin mai, in ya canza a zubar a sa sabon man aksil GL-5, a kuma bi furofela, sandar da ke kai ƙarfi ga aksil, da giris.

Masta, robar ƙasan akwatin matatar iska kuwa, ko ta tsufa, ni ban son a toshe ta har abada. Ruwan sama na bin snokel ya sauko, yana buƙatar mafita. Sabuwa a sa, a toshe lokacin ƙetara kawai.

Direban Bawku:
Yaya, a riƙe wannan: snokel bai ƙara wa mota nauyi ba. Ruwa mai gudu na santimita 60 yana iya ɗauke fikof, musamman idan bayanta babu kaya. Idan mutum ba zai iya ratsawa da ƙafa ba, mota ma kada ta shiga. A jira, ko a tambayi mutanen ƙauyen inda kwalbati ya karye.

Idan za a shiga, a tsaya minti 15 mota ta huce. A ɗaure tamfol a gaba, don fanka in ta bugi ruwa fukafukanta kan lanƙwashe su yanki lagireto. A sauke gilasai. A sa fowil ƙarama, giya ta 2, tafiya ɗaya kamar saurin mai sauri da ƙafa, ruwa ya taru a gaban bamba yana turuwa. Kada a taka kuloci a tsakiya, ruwa da laka za su shiga ya riƙa sulɓi. An fita, a taka birki a hankali ana tafiya har ya kama.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Wayoyi fa? Kuma in ta mutu a tsakiyar ruwa?

Masta Fita Suame:
Soket-soket na ƙasa a cika su da giris ɗin lantarki. Birenbos ɗinka, wato kwamfutar injin, yana cikin motar, bayan akwatin dashbod, don haka kada ruwa ya haura kujera. In ta mutu, hannu ya bar makulli. A jawo ta waje, a cire kan batir, a buɗe matatar iska. Idan ta jiƙe, a zubar da ruwan intakula, mai sanyaya iskar da injin ke sha, da tiyoyinta, a cire hita fulogi huɗun da ke ɗumama silinda, a fara juya injin da sifana, sannan a mayar da kan batir a juya da sitata, har ruwan ya fita. A canza baƙin mai da matatarsa kafin a tayar.