Wane gizo-gizo ne yake saƙa yana mai kama da laima?

Mai lambu, Daura:
Assalamu alaikum. A lambuna da ke bayan gari na ga gizo-gizo da yawa sun haɗa yanarsu a kan bishiyar lemun tsami, sai dai saƙar a kwance take, tsakiyarta ta ɗaga sama kamar laima, kuma ba ta da danƙo ko kaɗan. Malamai, wane iri ne wannan?

Malamin kimiyya, Katsina:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Siffar da ka bayar ta dace da wanda masana suke kira Cyrtophora citricola, amma ba a yanke hukunci da yana kaɗai. Ka duba bayan macen, za ka ga ƙulle-ƙulle biyu-biyu a jere, sannan ƙarshen cikinta ya rabu gida biyu, kuma a ganina wannan ce alama mafi ƙarfi. Tsawonta kusan santimita 1 ne, namijin kuwa kimanin milimita 3. Launi ba abin dogaro ba ne, domin akwai baƙi mai ɗigon fari, akwai mai ruwan ƙasa.

Ɗaliba, Katsina:
Ƙari a kan bayanin Malam, wani masanin halittu mai suna Forsskål ne ya fara siffanta shi, aka wallafa bayanin nasa a 1775. Ana samunsa a Afirka da kudancin Turai da Asiya, har ya kai Fulorida ta Amurka a 2000, saboda haka ganinsa a Daura ba abin mamaki ba ne.

Mai lambu, Daura:
Na gode, Malam. Na duba da safe, cikin nata a rabe yake, kuma buhunan ƙwanta suna rataye a saman yanar, a jere kamar carbi.