Zan kai yaro ganin tsofaffin jirage a Umuahia, wa ya taɓa zuwa?

Baban Khalifa, Kubwa: Assalamu alaikum jama'a. Yarona ɗan shekara 11 ba shi da magana sai ta jirgin sama, duk takardar da ya samu a gida sai ya naɗe ta ya cilla. Na masa alkawari in ya ci jarabawa zan kai shi ya ga jirgi a gabansa, toh ya ci. An ce min gidan tarihin yaƙi na Umuahia akwai jiragen yaƙin basasa. Kwana uku gare ni kuma kuɗin ba yawa. Mu bi mota ko mu sauka Owerri ta jirgi tunda Umuahia ba filin jirgi?

Injiniya, Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Ka kai shi gidan tarihin jirage na Duxford kusa da Kambirij a Ingila. Na je lokacin kwas, za ka ga masu gyara sun kwance jirgin Spitfire na yaƙin duniya na biyu suna haɗa shi ƙusa bayan ƙusa har ya sake tashi. Akwai jirgin fasinja na Concorde ma ana shiga ciki.

Maman Ilham: Haba Injiniya, bawan Allah ya ce kuɗin ba yawa kai kana kiran Ingila.

Malam Ɗan Bukuru: Ni na je, da ɗalibai 18 daga Jos. Jiragen suna nan, MiG-17 da babban Il-28 na ɓangaren tarayya, ga ƙaramin nan na Suwidin irin wanda wani matuƙin jirgi ɗan Suwidin mai suna von Rosen ya kawo wa Biyafara a 1969, in ka tsaya kusa da shi sai ka rasa yadda mutum ya yarda ya shiga yaƙi a cikinsa. Amma wallahi abin da direban shatarmu ya mana ya ɓata min komai, ya karɓi kuɗinsa cif tun a tasha, mun wuce Makurɗi mota ta tsaya ya ce bari ya nemo makanike, daga azahar har bayan isha'i ba shi ba labarinsa, yara mata na kuka iyaye na ta kira cajina ya ƙare, ni na biya wata mota daga aljihuna. Har yau wata uwa ba ta gaishe ni.

Baban Khalifa: Subhanallahi, Allah ya saka maka Malam. Amma ana barin yaro ya matsa kusa da su?

Malam Ɗan Bukuru: Kuma da na kai ƙara tasha cewa suka yi ba ɗan ƙungiyarsu ba ne.

Abba Wuse: Kuɗin mota dubu 28 na biya zuwa Umuahia.

Hajiya Zone 4: Wane 28? Ƙanina 45 ya biya da sallah.

Abba Wuse: Hajiya ai na sallah daban ne.

Injiniya: Ni dai na ce jirgin da ke tsaye a rana da ruwa ba a gyara shi, yaro ba zai koyi yadda yake aiki ba.

Malam Ɗan Bukuru: Injiniya da girmanka, ka taɓa taka Umuahia? Tun 1985 aka kafa wurin, tarihin ƙasarmu ne, yarana sun dawo suna tambayar abin da ya jawo yaƙin 1967.

Sadiq Terminus: Ka kai shi bakin titin filin jirgi da gyaɗa da zoɓo kawai, kyauta ne hhh.

Maman Ilham: Sadiq Allah ya shirye ka. Ni abin da ke min ciwo, jiragen farko da suka sauka a Najeriya a Kano suka sauka, 1925, guda uku na sojan Ingila. Ga kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964. Duk da haka sai uba ya kwashe wuni guda a hanya kafin ɗansa ya ga tsohon jirgi.

Sadiq Terminus: Gaskiya ne Anti. Ko tsofaffin kawunan jirgin ƙasa da ke gidan tarihin Jos, yara nawa ne a garin nan aka taɓa kai su?

Hajiya Zone 4: Makarantu kuɗin yawon buɗe ido kawai suka iya karɓa, ƙarshe a kai yara wurin lilo. Na jikokina bana ma an karɓa ba a je ko'ina ba.

Baban Khalifa: Jama'a don Allah, mota ko jirgi? Hutun nasu saura sati biyu.