DAF ta ƙi tara iska, geji na tsayawa a bar 6

Sani Mariri: Assalamu alaikum iyayen gida. DAF CF ce mai jan tirela. Sai ta yi kusan minti 15 kafin gejin iskar birki ya kai bar 6 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne), daga nan ya cije, ko an ba ta totur ba ya ƙara gaba. An ce a sauya kwamfreso, wato famfon da ke tara wa birki iska. Sabo ya fi ko ɗan Beljiyam?

Malam Habu Bakanike: Wa alaikumus salam. Sani, kada ka kwance kwamfreso tukuna. Fara da neman yoyo. Sa waigi a tayoyi, bari iska ta taru iya inda za ta kai, kashe injin, saki hambirki, ka sa wa geji ido na minti 1. Kan mota kaɗai bai kamata ya sauka fiye da psi 2 ba (psi ma ma'aunin ƙarfin iska ne, ƙarami kan bar), da tirela psi 3, wato kusan bar 0.2. Sai ka taka birki ka riƙe: psi 3 ga kai, psi 4 da tirela. In sai an taka allurar take zubewa, robar cikin tukunyar birki ce ta fashe ko tiyon da ke kai mata iska. Bayan haka cire tiyo ja da ɗorawa na tirela ka sake gwadawa, nan za ka san gaba ne ko baya. Ruwan omo a gora ya isa, duk mahaɗar da ta yi kumfa ka sa mata alama.

Usman Ƙofar Ruwa: Ƙari a kan maganar Malam, a kai hannu ƙarƙashin daraya, wato na'urar da ke tsane ruwa daga iska kafin ta shiga tanki, injin na aiki. Mai lafiya sau ɗaya take yin "tus" idan tanki ya cika, sai ta yi shiru. Idan tana ta huci ba tsayawa tun tanki bai cika ba, bawul ɗin ƙasanta ne ya maƙale da datti ko zoben robarsa ya cinye. Abin da kwamfreso ya turo a nan yake tsiyayewa. Akwai kayan gyaransa a kwali, ba sai an sayi daraya sukutum ba.

Oga Tasi'u Naibawa: Ni abin da ya ja hankalina shi ne tsayawarta a 6. Kwamfreson da ya gaji yakan yi ta jan ƙafa, amma totur na ƙara masa ko da kaɗan. Cijewa wuri ɗaya aikin bawul mai hanya 4 ne. An yi shi ne don in layi ɗaya ya fashe ya tsare wa sauran iskarsu a wajen bar 6 zuwa 7, rarar kuma ta bi ta wanda ya fashe ta fice. Allurai 2 da ke gaban direba na birkin gaba da na baya ne, wato layi na 1 da na 2. Layi na 3 na hambirki da tirela, na 4 kuma shi ke ciyar da kuloci, giya, ham da kujera, shi ya sa za ka ga geji duka sun yi daidai alhali ɓarnar tana can. Toshe layukan ɗaya bayan ɗaya daga bakin bawul ɗin. Wanda ka toshe geji ya haura 8, shi ne mai laifin.

Sani Mariri: Oga, in an toshe duka ba ta canja ba fa?

Oga Tasi'u Naibawa: To a nan ne za ka koma kan bututun ƙarfen da ya taso daga kan kwamfreso zuwa daraya. Baƙin mai da zafi suna haɗuwa su zama gawayi a cikinsa har ramin ya koma kamar na tsinke. Bari ya huce, don yana ƙuna sosai, ka kwance bakinsa biyu ka hura masa iska. In ya toshe sauya shi. Daga nan haɗa kwamfreso kai tsaye da tanki daban mai geji da bawul ɗin kariya. Ya cika shi da sauri, lafiyarsa ƙalau.

Malam Habu Bakanike: Alamomin da ke nuna kwamfreson kansa ne guda uku. Cire tiyon da yake shaƙar iska ka kanga tafin hannu: in yana maido maka da iska, siririn bawul ɗin shiga ya karye ko gawayi ya hana shi zama. In ruwan lagireto yana tsartuwa da kumfa yana amai ta murfi, a duba gasket ɗin kan kwamfreso kafin a zargi na injin, don ruwa ɗaya ke sanyaya su. Na uku, ja zoben da ke ƙasan tanki. Ruwa zalla matsalar daraya ce. Baƙin mai mai kauri kuwa ringin fistin kwamfreso ne suka tafi, kuma a Kano ƙurar hunturu ce ke cinye su, ta tsagar tiyon da ya fito daga filtar iska. Ko filtar ta toshe ma sai ya riƙa zuƙo mai daga ƙasa.

Baba Ɗanlami Mai Mack: Masu motar Mack kada su ɗauki lissafin DAF. Namu gwamna ne, wato ɗan bawul ɗin da ke sa kwamfreso tura iska ko dainawa, ke ba da umarni, ya kama a wajen psi 100 ya saki a 120 zuwa 125. Daga 85 zuwa 100 bai kamata ta wuce daƙiƙa 45 ba in an ɗaga totur. Idan ta ƙi, cire siririn tiyon da ya tashi daga gwamna zuwa kan kwamfreso. Ta fara tarawa, gwamna ne. Ba ta fara ba, ƙananan fistin ɗin sauke lodi, masu hana kwamfreso tura iska in tanki ya cika, su ne suka maƙale a sama, a wanke su a sa sabbin zobba. Kada a bar ta tana aiki a haka ba mai kallon geji.

Nura Ɗan Dawanau: Wasu suna tsallake daraya su haɗa bututu kai tsaye, mota ta ci gaba da aiki.

Malam Habu Bakanike: Nura, a motocin Turai da yawa abin da ke yanke iska a jikin darayar yake. Ka tsallake ta, ba mai cewa kwamfreso ya isa, sai bawul ɗin kariya ya yi ta fashewa, ruwa da mai kuma su bi duk layukan birki. Ba na ba kowa wannan shawarar da kaya a bayansa. Haka masu ɗaure kusar saitin ƙarfin iska don geji ya hau, ba ya toshe yoyo. Kuma yara kada su kuskura su buɗe ɓangaren sifirin na tukunyar hambirki, yana kisa. Ana sauya ta ne gaba ɗaya.

Usman Ƙofar Ruwa: Kan maganar saye, in silinda ba ta yi zane ba kuma karanshaf ba ya girgiɗi, kayan gyaran kan kwamfreso na kamfanin Wabco ko Knorr-Bremse sun wadatar, gwargwadon wanda ke jikin motar. Zo da lambar farantin da ke jikinsa. Ɗan Beljiyam kuwa juya shi da hannu, ka ji yana zuƙa yana turowa, ka leƙa bakin fitarsa ko ya yi gawayi. Duk wanda za a ɗaura, a sa sabon gwangwanin daraya, a zubar da abin da ke tankuna, a tabbatar layin mai yana kawowa kafin a tayar. Gwangwanin ana sauya shi duk shekara, kuma zarensu ba ɗaya ba ne: akwai M39, akwai M41, akwai mai zaren hagu.

Sani Mariri: Allah ya saka da alheri. An cire tirela, har yanzu 6. Daraya ba ta huci. Amma akwai kumfa a mahaɗar tiyon da ke gefen giya.

Oga Tasi'u Naibawa: Layi na 4 ke nan. Zubar da iskar duka, yanke bakin tiyon a miƙe da wuƙa mai kaifi, sa sabon mahaɗi daidai girmansa, kada ka naɗa roba. Sai ka tayar ka turo mana inda daraya ta yi "tus" da mintin da ta ɗauka.