Tafiya da motar kai daga Kano zuwa Yankari har bakin teku, wa ya taɓa yi?

Baban Ummi (Hotoro):
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Na samu hutun sati biyu a wajen aiki kuma ya zo daidai da hutun makarantar yara na Disamba, shi ne nake so in ɗauki iyali a motata mu zaga ƙasar nan da kanmu, ba jirgi ba motar haya. Abin da ya sa min wannan tunanin, ƙaramar 'yata ce ta tambaye ni ranar da muka je Tiga wai shin teku ya fi wannan girma, wallahi abin ya tsaya min a rai, mun kai shekara goma da aure ba mu taɓa fita ko'ina ba sai biki ko gaisuwar mutuwa. Tsarin da na yi shi ne Kano zuwa Yankari, daga nan Jos, sai wurin shaƙatawa na kan dutsen Obudu a Kuros Riba, sai mu ƙare a Kalaba yara su ga teku, zuwa da dawowa kwana bakwai. Motar Sienna ce, mu biyar ne, ni kaɗai ne mai tuƙi. Zai yiwu kuwa? Kuma me zan tanada?

Tsohon direba:
Wa alaikumus salam Malam. Niyya mai kyau ce Allah ya sa albarka, amma kwana bakwai ɗin nan cire shi a lissafi. Kano zuwa Kalaba kaɗai ya haura kilomita 1,000 ko da ba ka ratse ko'ina ba, to kai ga ratse har uku ga yara ga kai kaɗai a sitiyari, in ka matsa sai ka dawo gida ba abin da kuka gani sai kwalta da gidan mai. Ka ba shi kwana goma sha biyu ko ka rage wuraren.

Abu na biyu kuma shi ne babba, kar ka yi tafiyar dare ko da na awa ɗaya ne. Ana idar da asuba ka tayar, la'asar ta same ka a masauki, duk garin da ba za ka kai kafin magariba ba to ka kwana a na kafinsa. Kafin ranar tafiya ka kai motar wajen bakanikenka ya duba birki da lagireto da shokazoba, a juye baƙin mai, ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayo fanbel guda ka ajiye a but, sifiya kuma ka tabbatar da iska a ciki, mutane da yawa sai taya ta fashe a daji suke gane tasu a sace take. Birkin nan da nake nanatawa saboda Hawan Kibo ne, in ka baro Jos za ka gangara Akwanga, kar ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya sake ka, saka ƙaramar giya injin ya riƙe motar, kuma ka ba tireloli hanya. Takardun mota da lasisi da inshora da abin kashe gobara duk su zama a kusa da hannu, shinge yana da yawa daga Makurdi zuwa ƙasa, ka yi sallama ka miƙa takarda kar ka yi musu da kowa.

Maman Khalil:
Ni Yankari kawai na sani, mun je sau biyu da maigidan. Ta Wudil muka bi, Birnin Kudu, Ningi sai Bauchi, wajen kilomita 300, daga Bauchi ku ɗau hanyar Gombe in kun kai Dindima ku karya dama har ƙofar Mainamaji. Kar ku ce kun iso dan kun ga geti, akwai sauran tafiyar kilomita 40 da wani abu a cikin dajin kafin masaukin Wikki, dan haka ku sha mai ku cika tanki tun a Bauchi.

Yaya dan Allah ka ba wajen nan kwana biyu cur. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin dutse yake fitowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, garai-garai kana hango yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, mu da sassafe muke zuwa lokacin ba mutane, ga sanyin hunturu a waje ga tururi yana tashi a kan ruwan, yarana sai da aka yi da gaske suka fito. Maman Ummi ta taho da doguwar riga mai kauri da za ta iya shiga ruwa da ita. Sai dai ku kula da birai, manya ne kuma ba sa tsoron mutum, a gabana ɗaya ya fizge ledar burodi a hannun ɗana, yaron ya daɗe yana kuka. Kar a ba yaro abinci ya riƙe a waje, gilashin mota da ƙofar ɗaki kullum a rufe. Maganar giwa kuma kar ka yi wa yara alkawari, a Disamba ciyawa ba ta gama bushewa ba, an fi ganin dabbobi wajen Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da suke taruwa a kogin Gaji, mu dai mun ga gwanki da mugun dawa da kada. In raƙumin dawa da jakin dawa suke so ku tsaya a Sumu, yana kan hanyarku kafin ku shiga Bauchi.

Ɗan Gwammaja:
Alhaji a Kuros Riba na yi bautar ƙasa, bari in gyara maka abu ɗaya. Kalaba a bakin kogi take, in ka kai yarinyar nan Marina, wurin shaƙatawa na bakin kogin, ruwa za ta gani da jiragen ruwa amma ba tekun da take tambaya ba, mai igiyar ruwa da yashi wanda ba a hango ƙarshensa. Wannan sai Ibeno a Akwa Ibom, kusa da Eket, kuma hanyar Kalaba zuwa Itu manyan motoci sun yi mata yawa, ka ware mata yini guda. Sannan ƙarshen Disamba lokacin bikin kanibal ne a Kalaba, otal cika yake kuɗin ɗaki ya tashi. Sallah da abinci ba matsala, ka tambayi Bogobiri, unguwar Hausawa ce akwai masallaci akwai masu tsire. Obudu kam ya cancanci wahalar, hawan dutsen kilomita 11 ne da lanƙwasa 22 masu kaifi, sama ya haura mita 1,500, ku tafi da rigunan sanyi na gaske.

Abu Hanif:
Ni dai gaskiya da iyali ba zan wuce Jos ba a yanayin da ake ciki, ga tsadar mai tunda aka cire tallafi a 2023. In ka dage to kowace safiya ka leƙa tasha ka tambayi direbobin haya labarin hanyar da za ka bi ranar, su suke da labari mai zafi, kuma wani a gida ya san inda kuke kwana kullum.

Baban Ummi (Hotoro):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun zauna da maman yara jiya da daddare, mun cire Kalaba, za mu yi kwana goma sha biyu, biyu a Yankari, ɗaya a Jos, biyu a Obudu sannan Ibeno, kuma ƙanina zai bi mu dan mu riƙa karɓar tuƙi. Ɗan Gwammaja dan Allah daga Obudu zuwa Eket a wane gari ya fi dacewa mu yada zango, Ikom ko mu ƙarasa Uyo?