Golf 5 GTI ja: ta gaske ce, ko kwalliya aka yi wa ta haya?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masu ido a kan mota nake nema. Shekaranjiya ina dawowa daga wajen aiki na hango wata Golf 5 ja a gaban wani mai sayar da motoci, sai da na juya babur na koma. Mai ƙofa biyu ce, an sa mata tambarin GTI, wato samfurin Golf mai ƙarfin gudu, gaba da baya. Gaban ne ya tafi da ni: baƙar raga mai ramuka kamar saƙar zuma, ga jan zare siriri ya bi gefenta, baƙin ya gangaro har cikin bamba. Motar ta kwanta ƙasa, bayanta a dunƙule, sai ɗan fiffike a saman gilashin baya. Kuɗin da ya kira bai fi ƙarfina ba idan na sayar da babur na haɗa da adashin da zan kwasa wata mai kamawa.

Abin da ya hana ni barci, a garin nan Golf motar haya ce, ta Jibiya da Daura, buhuna a but. Ta yaya zan gane ba ta gama-gari mai injin lita 1.6 ba ce aka manna wa harufa uku? Kuma za ta jure hanyoyinmu?

Oga Bakanike Kwaɗo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Harufan nan ba shaida ba ne, ko yaron shagona zai iya manna su da gam. Ka koma ka tsuguna a bayanta ka dubi salansa. Ta Golf 5 GTI baki biyu ne masu sheƙi, manne da juna, a gefen hagu. Idan ka ga ɗaya dama ɗaya hagu, wannan tsarin Golf 6 GTI ce da ta fito a 2009. Idan kuma a tsakiya suke, na wani samfurin Golf ne da ake kira R32. To duk wanda ka gani a kan wannan ba na hagun ba, an yi mata taɓe-taɓe.

Daga nan sai ƙafa. Rim ɗinta inci 17 ne mai manyan ramuka biyar, wasu sun zo da inci 18, tayar 17 ɗin kuwa za ka ga 225/45 a jikinta. Leƙa ta cikin ramin, ƙarfen da ke damƙe faifan birki ja ne tun daga kamfani. Sai dai shi ma gwangwanin fenti ɗaya ya isa, don haka duba ko jan ya fantsama a kan kusoshi da tiyon birki. Na kamfani ba ya fantsama.

Duk wannan kwalliya ana iya sayo ta. Abin da ba a mannawa shi ne inji. A ɗaga maka bonet: lita 2.0 ne mai turbo, ƙarfin doki 200, ita kuwa mai 1.6 da muka saba da ita doki 102 gare ta. Idan otomatik ce, giyarta irin da ake kira DSG ce, mai kuloci biyu, ana canza mata mai duk kilomita 60,000, ka tambayi yaushe rabonta da shi.

Baban Khalifa, Daura:

Na riƙe irinta shekara biyu, baƙa. Kyau kam ba a magana, amma kwanciyar nan da ta burge ka ita za ta ba ka aiki. Ta fi Golf 5 ta gama-gari sauka da milimita 15, kamar ba komai ba, sai ranar da ka ɗauki mutum uku ka zo hawa tudun rage gudu. Ni a karkace nake hawa, duk da haka leɓen bamba sai da ya tsage. Tayar kuma ba ta da nama. Wani rami da ruwa ya rufe kusa da Mashi ya lanƙwasa mini rim, na kwana biyu ina neman irinsa. Ragar nan ma da hunturu kowane rami ƙura yake sha, sai da buroshin haƙori ake wanke ta.

Sannan ƙofa biyu? Ka yi tunanin ranar da Hajiya za ta ce ka kai ta biki da ƙawayenta.

Ummu Sultan:

Ku daina tsorata shi mana. Jan zaren nan tun GTI ta farko a 1976 yake, har da kujerun yadi masu gida-gida. Ni dai shi kaɗai ya ishe ni. Amma ja a ranar Katsina sai da rumfa, in ba haka ba ta koɗe.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai. Na koma bayan La'asar na tsuguna, har mai motocin yana tambaya ko wani abu na yar. Salansa biyu ne a hagu, kujeru masu gida-gida, amma jan ƙofar direba ya fi na sauran jikin duhu. Oga, ko za ka samu lokaci ranar Asabar da safe mu je tare? Baban Khalifa, maganar Hajiya ban gaya mata ba tukuna.