Sinukar Turawa: yaya mai tazarar gem shida ya koma neman tsira?

Mai Tebur, ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da teburin sinuka guda ɗaya a rumfa bakin kasuwar ƙauyenmu, shekara ta uku ke nan. Irin namu ne da kowa ya sani: ƙwallo 15 da fara, wanda ya jefa baƙa rami a ƙarshe ya ci, wanda aka cinye ya biya kuɗin gem. A zatona na gama sanin sinuka, sai shekaranjiya Lahadi ƙanina da ke karatu a Dutse ya zo gida ya ɗora ni a kan wasan ƙarshe na gasar sinuka ta duniya ta 2023 a Sheffield ta Ingila, tsakanin Luca Brecel ɗan Beljiyam da Mark Selby ɗan Ingila.

Kallo dai ba mu yi ba, kada in yi ƙarya. Sabis a garinmu sai an hau dakalin firamare, can ma bidiyo juyi kawai yake yi. Lambobi muke bi, a danna a jira su canza. Wanda ya fara cin gem 18 shi ne zakara. Lahadi da rana Brecel ya tashi 6 da 2. Da dare aka kwana 9 da 8, kuma a daren ne ƙanina ya yi wani ihu har maigadin makaranta ya leƙo da tocila, wai Selby ya yi 147. Jiya Litinin, hutun ma'aikata, na rufe rumfa da wuri. Zaman rana ya ƙare 15 da 10. Muna idar da Magariba aka dawo, Brecel ya ƙara ɗaya, 16 da 10. Na ce wa yaron tashi mu je mu ci tuwo, an gama. Ya ce Yaya zauna, ba ka san Selby ba. Sai 11. Sai 12. Sai 13. Daga nan lamba ta tsaya cik, na ɗauka data ce ta ƙare, har na sayi wata ta ɗari biyu a banza. Muka yi Isha'i muka dawo, 14, 15. Tuwon nan da sanyinsa na ci shi. A ƙarshe dai Brecel ya ɗauke biyu a jere, 18 da 15.

Abin da nake so masana su warware min: na farko, me ke sa mutum yana gaba da shida ya zauna a kujera ana zaftare masa har saura ɗaya? Na biyu, sau da yawa ƙanina yakan ce gem ya mutu alhali da sauran ƙwallaye a tebur, ko ya ce wane "yana buƙatar sinuka". To da ɗin me suke bugawa? Shi kansa da na matsa masa sai ya fara inda-inda.

Malamin Lissafi, Gaya:

Wa'alaikumus salam. Mai Tebur, abin da kake da shi a rumfa Turawa ful suke ce masa, mu ne muka haɗa su duka muka kira sinuka. Wancan teburin ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ramukansa kuma matsattsu ne. Ba ƙidayar ƙwallo ake yi ba, maki ake tarawa.

Jajaye 15 ne, kowace maki 1. Sauran shida: rawaya 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Ka jefa ja, sai ka zaɓi mai launi ka jefa, alƙalin wasa ya ciro ta ya mayar gurbinta, ka koma kan ja. In jajaye suka ƙare sai a kwashe masu launi daga rawaya zuwa baƙa, jimillarsu 27. Ke nan mafi yawan abin da ja ɗaya za ta haifar 8 ne, ita da baƙa. Ga lissafin da nake yi a bayan takardar jarrabawa in ina bin wasa: jajayen da suka rage sau 8, a ƙara 27. Saura ja huɗu, maki 59 ne a tebur. In wane yana gaba da 60, ko abokin karawarsa ya share komai ba zai kamo shi ba. Abin da ƙaninka ke nufi da gem ya mutu ke nan.

Amma akwai ƙofa ɗaya. Duk wanda ya yi laifi, misali ya kasa taɓa ƙwallon da ya kamata ya fara taɓawa, ana ba abokin karawarsa aƙalla maki 4. Saboda haka na baya sai ya ɓoye fara a bayan wata ƙwallo yadda ba hanya miƙaƙƙiya zuwa wadda ake nema. Wannan ɗaurin shi ne ainihin abin da ake kira sinuka. In aka ce yana buƙatar sinuka biyu, ana nufin sai ya sa ɗan'uwansa ya yi laifi sau biyu kafin lissafi ya dawo.

Ihun ƙaninka kuwa yana da hujja. Ja 15 da baƙa 15 sun ba da 120, ga 27, ya zama 147, ƙwallo 36 a jere babu kuskure. Tun 1977 ake wannan gasa a zauren Crucible da ke Sheffield, ba a taɓa yin sa a wasan ƙarshe ba sai daren Lahadin nan, a gem na 16.

Datarka ta ɗari biyu kuma Allah ya mayar da alheri. Hutun rabin lokaci ne, bayan gem huɗu sukan tashi na kamar kwata ɗin awa.

Baba Mai Ritaya, Kazaure:

Ɗana Mai Tebur, ka tuna min da ƙuruciya. A 1985 gwamnati ta tura mu kwas ɗin aikin gona Ingila, ina zaune a gidan wata tsohuwa da ba ta da magana sai ta sinuka. Ita ta zaunar da ni gaban talabijin ranar da Steve Davis ya kara da Dennis Taylor, wani ɗan Ayilan ta Arewa mai tabarau manya kamar an kifa su.

Kai kana mamakin shida. Davis ya ci takwas na farko, 8 da babu. Ni ma na ce an gama, kamar yadda ka ce jiya. Aka kwana 9 da 7. Washegari Davis ya kai 17 da 15, saura masa ɗaya tak, Taylor ya ja shi 17 da 17. Gem na ƙarshe ya ci minti 68. Davis yana da 62, Taylor 44, saura ƙwallo huɗu, maki 22. Malamin Lissafi ya duba: dole Taylor ya kwashe duka huɗun. Ya jefa ruwan ƙasa, ya jefa shuɗiya, ya jefa ruwan hoda, 59 da 62. Saura baƙa ita kaɗai a wannan makeken tebur. Suka yi ta zagaya ta kamar masu farautar da suka ritsa kura a rami, kowa na tsoron ya bar wa ɗan'uwansa. Daga baya ta zo wa Davis a yanayin da a wurin atisaye ba ya ɓarar da irinta, ya yanka ta da yawa ta ƙi shiga. Taylor ya zo ya jefa. Tsakar dare ta wuce, mutum miliyan 18 da rabi suna kallo a BBC. Tsohuwar nan shayin da ta haɗa mana tun sha ɗaya yana nan a kofi ba wanda ya taɓa. Kuma ka sani, tsawon kwana biyun nan Taylor bai taɓa shiga gaba ba ko sau ɗaya sai da wannan ƙwallo ta faɗa rami.

Amsar tambayarka ta farko a wurina kujerar ce. A ƙwallon ƙafa in ana matsa maka kana gudu, kana tare, jininka na tafasa. A dambe kana iya rungume mutum ka huta. A nan in abokin karawarka yana kan tebur ba ka da abin yi sai zama da kurɓar ruwa, ba ka da ikon ko tari mai ƙarfi. Sai ka shafe minti ashirin ba ka taɓa sanda ba, hannu ya yi sanyi, zuciya ta fara ƙidaya: da shida ne, yanzu huɗu, yanzu uku. In dama ta zo kuma sai ka ga ramin ya tsuke. Manomin da ya ga hadari ya haɗu bai gama shuka ba ya san irin rawar hannun da nake faɗa.

Abu Sumayya:

Ni dai tambayata ɗaya. Teburan nan da suka cika ƙauyuka, ba nan yara ke koyon caca ba? Ga damina na ƙaratowa, gonaki na jiran shara da taki, matasa na can suna zagaya tebur. Yanzu kuma an ƙaro na Turawa da ake kwana biyu ana yi.

Ɗan Wudil:

Abu Sumayya, maganarka tana kan hanya amma bari mai rumfar ya amsa da bakinsa.

Mai Tebur, ni ɗan Selby ne, jiya ban yi barcin kirki ba. Ƙaninka ya yi gaskiya da ya ce ba ka san shi ba. Sau huɗu yana ɗaukar kofin nan: 2014, 2016, 2017 da 2021. A 2014 Ronnie O'Sullivan na gaba da shi 10 da 5, ya dawo ya ci 18 da 14. A 2017 John Higgins ya kai 10 da 4, ya dawo ya ci 18 da 15. Salonsa shi ne ya hana ka numfashi. In bai ga ta ci ba ba ya gwadawa, sai ya taɓa ja a hankali ya mayar da fara can ƙuryar tebur ta manne da bango, ya bar ka da bugu mai nisa. Ka gwada ka ɓarar, ya zo ya kwashe. Irin 'yan darar nan ne da ba sa gaggawa, sai sun toshe maka kowane gida.

Brecel kishiyarsa ne, duk abin da ya gani bugawa yake. Kafin 2023 bai taɓa cin wasa ko ɗaya a Crucible ba. A 2023 O'Sullivan na gaba da shi 10 da 6 ya ci bakwai a jere ya kore shi, sannan Si Jiahui ɗan China ya kai shi 14 da 5, ya ci goma sha ɗaya a jere ya tsallake 17 da 15. Shi ya sa da aka kai 16 da 15 na ce yau zai ɗanɗana abin da ya yi wa mutane. Sai ga shi ya rufe wasan da maki 112 a tashi ɗaya. Na ji haushi, amma wanda ya yi haka bayan an ci shi biyar a jere ba sa'a ba ce. Yana da shekara 28 lokacin da ya ci, shi ne na farko daga cikin nahiyar Turai, ban da tsibiran su Ingila, da ya ɗauki kofin, da fam dubu 500 a kai.

Shawara ga mai bin lambobi a dakali: kada ka tsaya kan adadin gem kawai. Duba makin cikin kowane gem. In ka ga 90 da babu, mutum ɗaya ne ya tashi ya share. In ka ga 60 da 55 kuma an daɗe, an yi dambe ne, kuma irin wannan shi ke karya zuciyar wanda ya rasa.

Mai Tebur, ƙasar Ringim:

Na gode ƙwarai. Allah ya gafarta Malam, lissafinka na rubuta shi da alli a jikin langalangar rumfa. Baba, Allah ya ƙara girma, labarin baƙar nan na karanta wa yara sau biyu.

Abu Sumayya, ban ji haushi ba. A rumfata ba a ɗora kuɗi, na gem kawai ake biya, in an kira sallah kuma ina tattara sanduna in kulle. Wasu rumfunan ban rantse musu ba. Gonar kuwa da asuba muke kai taki, tebur sai bayan La'asar.

Sai dai Ɗan Wudil ka jawo min asara. Na ba yara labarin yadda Selby ke ɓoye fara, yau kowa ya zama Selby. Gem ɗin da ake gamawa cikin minti goma ya kai rabin awa, mutum biyu na ta lallaɓa ƙwallo kamar masu ɗaukar ƙwai, shida na kan benci suna jira har biyu suka yi zuciya suka tafi wajen mai shayi. Cinikin yau bai kai rabin na jiya ba. Wanda ya san inda ake samun saitin jajaye 15 da masu launin nan a kasuwar Sabon Gari, ƙanana daidai ramin teburina, ya faɗa min farashi, ranar Asabar zan shiga Kano.