Gayyar yashe magudanun ruwa ta bar mana ciwon rai, ya za mu zauna mu duba ta ba a yi faɗa ba?

Ɗan Garin Malam:

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu gani. Ni ke riƙe da kaye, wato littafin rubutu, a wata ƙungiyar samarin unguwa a nan Damagaram, fadodi uku ne na samari masu zaman shan shayi muka haɗu bayan ruwan 2024, wanda ya kada gidaje har da tsohon masallacin Birni a farkon watan 9, kowa ya tsorata muka ce ba za mu ƙara zama muna shan shayi ruwa na cin gidajen iyayenmu ba. Da damina ta gaba ta matso sai muka kira gayya, yashe magudanun ruwa da cika buhuna da rairayi a tare bakin gidajen da ke gangare.

Aiki dai an yi, amma an rabu rai a ɓace. An ce Asabar, sai daren Juma'a aka ɗaga zuwa Lahadi a gurup ɗin WhatsApp, ƴan fada guda yawancinsu ƙaramar waya gare su, suka fito Asabar da sassafe da shebur da diga ba su tarar da kowa ba, Lahadi kuma suka ƙi zuwa. Karo-karo an rubuta 500 kawai, wasu suka ɗauka faran 500 ne suka kawo dala ɗari, wasu suka ɗauka dala ɗari biyar ake nufi suka kawo jika biyu da rabi, da abin ya fito fili sai aka fara kallon ma'aji. Sannan ledoji da laka da muka kwaso an tara su a bakin magudanar, ba wanda aka ɗora wa neman amalanke, ruwan farko ya maida su inda suka fito.

Yanzu zafi ya yi nisa, ana so a sake yi, amma wasu ko gaisawa ba sa yi sosai. Rabinmu na cewa a bar kaza cikin gashinta a fara sabo kawai, ni kuma gani nake idan ba mu zauna ba abin da ya faru ne zai sake faruwa. To ya ake irin wannan zama?

Kawu na Zango:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi muku albarka da kuka tashi. Mu a zamanin Kunce muka yi samariya, mun buga tubali mun gina azuzuwan lakwal da hannunmu, kuma kar wani ya ce maka ba a faɗa a lokacin, ana yi sosai. Bambancin shi ne kowane aiki da mai shi. Akwai sarkin samari, akwai mai shela da zai zaga unguwa da maraice ya faɗi rana da wuri, kuma idan rana ta canza shi dai zai sake zagawa, ba wani ba. Ku kun sa waya a gurbin mai shela amma ba ku tambayi kanku wa take kaiwa wa take tsallakewa ba.

Zaman ya zama dole, sai dai kar ku yi shi a fadar ɗaya daga cikinku, don wanda ya zo fadar wani baƙo ne, baƙo kuma ko dai ya yi shiru ko ya zo da shirin rigima. Ku nemi ƙofar gidan mai unguwa ko harabar lakwal bayan la'asar. Kuma kafin ranar, kai da wani mai sanyin hali ku taka ku je wajen waɗanda suka fito Asabar ɗin nan, ku zauna ku sha shayinsu ku saurara, kar ku kare kowa. Mutumin da ya bar neman abincinsa ya fito da shebur ya tarar da fili, ba bayanin WhatsApp yake so ya fara ji ba, so yake a ce masa an san ya fito. In kun tsallake wannan, zaman ba zai haifar da komai ba.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli, Sabon Gari:

Sannunku da ƙoƙari ƴaƴana. Ni kan maganar kuɗin zan tsaya don nan na fi sani. Ina cikin asusun Mata Masu Dubara shekara da shekaru, tsarin nan da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, kuma da yawa cikinmu ba su yi lakwal ba amma ba a taɓa kallon mai ajiyarmu da ido biyu ba. Dalili, kuɗi ba sa shiga a ɓoye. Ranar zubi kowace ta miƙa nata a gaban kowa, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, a faɗi jimla da baki kowa ta maimaita, mako na zagayowa kafin a buɗe akwati sai an tambaya nawa muka bari, a faɗa, sannan a buɗe a gani. Akwatin kwaɗo uku gare shi, makullan na hannun mata uku, ita mai ajiye akwatin ba ta da ko ɗaya.

Wannan yaron ma'ajin naku ni tausayi ya ba ni, kun bar shi shi kaɗai da kuɗin mutane ba shaida, ko waliyyi ne sai an zarge shi. A zaman ku fara wanke shi, a karanto wa ya ba da nawa, me aka saya, buhu nawa, wanda ya ba da jika biyu da rabi a tambaye shi a maida masa rarar ko a rubuta masa ita a ta bana. Kuma daga yau kar a ƙara rubuta lamba tsirararta, a ce dala ɗari, da baki, a saƙon murya. Mu nan kasuwar Dole wa ke ciniki da faran?

Abu guda kuma, waɗannan magudanun a ƙofar gidajenmu suke, mu muka san inda ruwa ke fara taruwa da gidan da yake fara shiga, amma na tabbata ba ku tambayi mace ko ɗaya ba.

Mai kabu-kabu 227:

Ni dai gaskiya ban yarda da yawan zama ba. Mun yi irinsa a tasharmu, aka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, wallahi abin da aka binne shekara uku sai da aka tono, har maganar budurwa ta shigo, aka tashi an fi da lalacewa. Mutanenmu in ka ce su faɗi ra'ayi a gaban manya ƙananan ba za su ce uffan ba, sai an watse ka ji su a bayan fage, manyan kuma su mayar da shi wa'azi. Ku sa rana kawai, ku aika yaro ya gaya wa kowa, wanda zai zo ya zo. Hajiya ku yi haƙuri, ku mata kuna da haƙurin zama, mu minti talatin in ta wuce kowa na duba waya yana tunanin fasinja.

Mushe na Mirya:

Mai kabu-kabu ka faɗi gaskiya a rabi. Abin da ya watsa zamanku shi ne tambayar da aka yi, "kowa ya faɗi abin da ke ransa" ai ƙofa ce da ba ta da marfi. Akwai wata hanya da sojojin Amurka suka fito da ita a shekarun 1970 don duba atisaye bayan an gama, daga baya asibitoci da ƙungiyoyin agaji suka ɗauka, ni ma a wani horo na ƴan furoje, masu ayyukan raya ƙasa, na koye ta kuma muna amfani da ita da iyayen yara a ƙarshen shekarar karatu. Tambaya huɗu ce ba ƙari: me muka shirya yi, me ya faru a zahiri, me ya kawo bambancin, me za mu riƙe me za mu canza.

Ta farkon ita mutane ke rainawa alhali nan asirin yake tonuwa. Ƙanena, gwada ka tambayi mutum biyar daban-daban me aka shirya bara, za ka ji amsa biyar, wani zai ce yashewa kawai, wani zai ce har da kwashewa, wani zai ce shi ya ɗauka ma'aikatar magajin gari ce za ta turo mota. Da zarar sun ji bakinsu ya saɓa a kan abin da aka shirya tun farko, zafin neman mai laifi yakan ragu da kansa, don kowa ya ga ba mugunta ba ce, magana ce ba ta isa daidai ba. A tambaya ta biyu kuma a bi abin daki-daki kamar yadda ya faru, ƙarfe nawa aka tura saƙon ɗagawa, mutum nawa suka buɗe shi kafin asuba, WhatsApp ai yana nuna wanda ya gani. Mai jan zaman ya hana kalmar "wane ne ya", ya riƙa mayar da ita "a ina maganar ta tsaya". Kuma kar shugaba ya ja zaman, kar kai ma ka ja tunda kana cikin waɗanda suka tura saƙo, ku samo wani daga waje da duk fadodin ke jin nauyinsa.

Maganar kunyar ƙanana gaskiya ce. Maganinta a fara da su, mafi ƙanƙanta ya fara magana babba ya rufe, in babba ya fara to an gama, kowa zai ce haka ne. Wanda ba zai iya a fili ba ya tura wa mai jan zaman saƙon murya tun kafin ranar, a faɗi abin ba a faɗi sunansa ba. Sa'a ɗaya ta isa, kuma kar ku fita da shawara goma sha, uku sun isa in kowace tana da sunan mai yi da rana. A tuna da abin da ya yi kyau ma, gidajen da buhunan suka tare wa ruwa, a ambace su, samari na buƙatar jin wahalarsu ba ta tafi a banza ba.

Ɗan Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kawu zan bi shawararku, gobe bayan isha'i za mu je fadar tasu ni da wani abokina da suke ɗasawa da shi. Hajiya kun kama mu, ba mu tambayi iyayenmu mata ba, kuma maganar karanto kuɗi a fili ita za mu sa a gaba. Mushe tambaya ɗaya, mai unguwarmu mutumin kirki ne amma in ya fara magana sai magariba, in muka yi a ƙofar gidansa ya za mu hana shi jan zaman ba mu yi rashin kunya ba?

Kawu na Zango:

Ba a hana mai unguwa magana ɗana, ba shi tasa ake yi. Ku je ku gaishe shi tun kwana biyu kafin nan, ku roƙe shi ya buɗe da addu'a ya rufe da addu'a, ku ce kuna so ya ji bakin yaran ne don ya san halin da ake ciki, Mushe ko wani malamin lakwal ɗinku ya ja tsakiyar. Sannan ku roƙe shi abu guda da shi kaɗai zai iya, ya yi wa masu amalanken unguwa magana kuma ya kai takardarku ma'aikatar magajin gari a kan inda za a zubar da sharar. Ku yi sauri dai, watan 6 in ya kama hadari ba ya jiran taro.